Hotunan Kawu Na Kallon Bango

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Na faɗe ta a filin jirgin Guangzhou ta ƙasar Caina lokacin da aka tare ni da labarin, na maimaita a cikin tasi, amma maganar ba ta shige ni ba sai da na hau benen nan na unguwar Dengfeng na ga takalman mutane jibge a ƙofar ɗakin Kawu. Ƙanen mahaifiyata ne. Ni kuwa 'yar kasuwa ce, kuloli da kwanukan jeren amare nake sarowa in kai Kano, kuma duk faɗin garin nan ni kaɗai ce jininsa. Na iso an riga an kai shi makwancinsa a maƙabartar Musulmin garin, don haka ni aka zaunar a tabarma ana yi wa gaisuwa.

Ɗakin ya cika maƙil. Ga Kanawa masu sarin waya, ga 'yan Maraɗi masu atamfa, ga mutanen kago, masu aika kaya gida, na unguwar Xiaobei da suka rufe ofis suka zo. Kowa ya durƙusa ya ce mini ya haƙuri, sai ya ɗora da magana ɗaya: "Ai ya zana ni." Wani babban Alhaji ɗan Maraɗi ya ce, "Hajiya, mutumin ga ya taɓa korata daga ɗakin ga, da takalmina a hannu na sauka." Ya fara dariya, dariyar ta ƙwace masa ta koma kuka, ya ja hannun riga ya rufe fuska. Mai abincin ƙasan bene, wata baiwar Allah 'yar Yamai, ta hawo da tuwo da miyar kuka ta ajiye a inda ta saba ajiyewa, ta ce rabonsa ne na yau, ita ba ta san yadda ake daina zuba masa ba. Sai ga tsohuwar da ke da gidan, 'yar Caina, da ledar lemo a hannu. Ba ta jin Hausa, mu kuma ba ma jin yarenta sai na ciniki. Ta tsaya ta dubi kujerar da yake zama, ta ce, "Meyo. Meyo." Kalmar da suke gaya mana ce a shago in kaya sun ƙare, wato babu. Ban taɓa jin an yi ta'aziyya da ita ba, kuma ita ce ta fara sa ni kuka a ranar.

A bakin ƙofa amininsa ya zauna da carbi, bai ɗaga kai ba. Tare suka tashi a unguwa ɗaya cikin birnin Kano, tare suka tsufa a Guangzhou. Baba Alhaji muke ce masa. Da na gaishe shi ya ce, "'Yata, mun ƙare rayuwa muna faɗa a kan hotunan nan, ni in ce haramun ne, shi ya ce in bar shi da Ubangijinsa. Ko sau ɗaya ban taɓa yarda na kalle su ba. To yanzu da wa zan yi faɗan?"

Hotunan suna nan kewaye da mu, amma babu mai ganin ko guda. Kawu mai zana fuskokin mutane ne da fenti, irin zanen da in ka shigo ka gani sai ka ji kamar ka yi masa sallama. Yana da wata al'ada: da lokacin salla ya yi sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya juya fuskarsu ga bango, in ya idar ya juyo su yana cewa, "Sannunku da haƙuri." Ranar da ciwon ya kayar da shi, ya juya su domin la'asar, ya yi sallarsa, bai samu juyo su ba aka wuce da shi asibiti. Malamin da ya zo addu'a ya ce a bar su a haka tunda a ɗakin ake salla. Muka zauna muna kallon bayansu, katako da ƙusoshi da farin ƙyalle.

Ni guda ɗaya nake kallo, wanda ke jingine kusa da taga. Nawa ne. Ban taɓa ganin gabansa ba, kuma tsoron juya shi nake, domin in akwai abin da ya rage na fuskar mahaifiyata a duniya, to a jikin ƙyallen nan yake. In babu a nan, shi ke nan, babu.

Ina ƙarama mahaifiyata ta rasu, ko girki ban gama koya a hannunta ba. Ba ta da hoto ko ɗaya. Kakanmu bai yarda matan gidansa su tsaya gaban mai hoto ba, ita kuma ba ta taɓa tafiyar da za a nemi fasfo ba. Na girma da ƙamshin man da take shafawa, da muryarta in tana kiran kaji, da 'yar tsagar da ke gefen bakinta, irin wadda ake kira 'yar baka. Fuskar kuwa a hankali ta zame mini ban sani ba. Wata rana babbar 'yata ta tambaye ni, "Umma, da wa kakarmu take kama?" Na rufe ido in gano ta, sai ɗankwali da tsaga, tsakiyar babu komai. Wallahi ranar ban iya cin abinci ba. Na bi dangi ina tambaya, kowa ya ce doguwa ce, baƙa, mai kunya. To ai rabin matan Kano ke nan! Mutum ɗaya ne yake da idon da ya san ta da hannun da zai dawo mini da ita, shi ne Kawu, shi kuma ya ce ba zai yi ba.

Yana saurayi aka tura shi karatu ƙasar da a lokacin ake kira Cekosulobakiya, ya koyo zanen atamfa domin masaƙun gida. Aka sauke shi a Bratislava, ɓangaren Sulobakiya, can kuma ya haɗu da wani tsohon malamin zane da ya juya masa rayuwa. 'Yan Xiaobei har laƙabi suka sa masa, Baba Sulobak, saboda ba a gama kofin shayi da shi bai kai mutum can ba.

"Mutanen nan ba su da yawa," haka yake fara wa, "kuma sun daɗe a ƙarƙashin wasu. Sarauta ta wasu, yaren ofis na wasu, su kuma ana yi musu kallon makiyaya da manoma. In ka shiga gidajen manya ka ga hotuna a bango, duk fuskokin masu mulki ne. Sai masu zanensu suka ce, to bari mu zana namu. Malamin makarantar ƙauye, matar majemi, tsohuwa mai saƙa, makiyayin tumaki a gindin duwatsu. Kuma ba a yi wa kowa kwaskwarima. In hancinka a karkace yake, a karkace za a zana shi. Ran da mutanen suka ga kansu a bango suka ce, ashe mu ma wasu ne. Kin gani? Kafin su samu tuta, fuska suka fara samu."

Ni sai in ce, "Kawu, ni fa kuloli na zo saye."

Ya ce, "Shi ya sa kanki ya koma kula, a rufe ruf, ba shiga ba fita."

Yakan ba da labarin yadda malamin ya riƙa yawo da shi ƙauyuka cikin sanyin da ke sa haƙora kaɗawa, tsofaffin mata suna taɓa gashinsa suna cusa masa cukun tumaki a aljihu. Da yadda ya sa shi zana hannuwa kawai, hannun maƙeri, hannun mai tatsa, har lokacin sanyi ya wuce bai ba shi fuska ko ɗaya ba. Wata rana malamin ya ƙura wa billen da ke kuncin Kawu ido, ya tambaye shi ko ciwo ya ji. Kawu ya ce a'a, wanzami ne ya yi masa yana jariri, domin a san gidan da ya fito. Tsohon ya ajiye buroshi ya ce, "Mutanenku a fuska suke rubuta su wane ne, kai kuma ka taso tun daga can ka zo koyon furen atamfa?" Kawu ya ce tun daga ranar bai ƙara kallon fuskar Bahaushe yadda ya saba ba.

Ya dawo gida ya yi aiki a masaƙa har aka rufe ta. Matarsa ta rasu, Allah bai bar musu ɗa ba. Baba Alhaji ne ya jawo shi Guangzhou, ya zama shi ke duba wa 'yan kasuwa zubin atamfa da launi a kamfanonin 'yan Caina kafin a buga. Yakan yi dariya ya ce, "Wanda ya kashe mini masaƙa, shi nake yi wa aiki, kuma lawban yake kira na." Lawban a bakinsu shi ne maigida. Da safe yana kamfani ko yana hawa da sauka a benayen Xiaobei da guntayen atamfa a jaka, da yamma yana ɗakinsa da buroshi. Duk wanda fuskarsa ta tsaya masa a rai sai ya tare shi a hanya ya ce, "Malam, ara mini fuskarka." Ba ya zaɓen mai kyau. Ya fi son wadda rana ta dafa.

A shekarun nan an yi yayin wani abu. 'Yan kasuwa sukan kawo hoton kati na wani babba, su kai wa masu zanen 'yan Caina su mayar da shi ƙaton hoton fenti da firam mai ruwan zinare. Masu zanen gwanaye ne, ba ƙarya. Sai dai in suka ga tsaga a fuskar mutum sai su ɗauka hoton ne ya ƙarje a aljihu, su yi wa mai shi alheri su share ta tas, su ƙara masa haske. Haka aka yi wa Alhajin nan na Maraɗi, Bagobiri ne da tsaga tun daga baki har kunne. Shi kuwa abin ya yi masa daɗi. Ya kawo wa Kawu ne kawai ya gyara masa aikin wuyan babbar riga da suka cakuɗa.

Ina zaune aka yi. Kawu ya dubi hoton, ya dubi Alhaji, ya ce, "Wane ne wannan?"

"Ni ne mana."

"Ina tsagarka?"

"Malam, bar ta hakanan, wanga ya hi kyau."

Kawu ya miƙe tsaye. "Wanzami ya sha aiki, mahaifiyarka ta kau da kai tana hawaye ranar, duk don a san kai ɗan wane ne, ka zo Caina an share maka da buroshi kana washe baki? In aka rataya wannan a zaurenka, jikokinka za su ce kakansu ɗan fim ɗin Indiya ne!"

Alhaji ya ce shi riga ya kawo gyara, ba wa'azi ya zo ji ba. Kawu ya ce to ya kai wa tela. Ran maza ya ɓaci, murya ta tashi har mai gida ta leƙo, Kawu ya buɗe ƙofa ya nuna masa matattakala. Na ce, "Haba Kawu, babban mutum ne fa." Ya ce, "Shi ya sa. Ƙaramin mutum ba ya jin kunyar fuskarsa, bai da lokaci." Bayan 'yan makonni Alhajin ya dawo da ƙafarsa, ya zauna a kujerar taga, Kawu ya ɗauki buroshi.

Faɗa gare shi, amma ba shi da riƙo, kuma ban san wanda ya kai shi tausayi ba. Lokacin da za a aurar da 'yar mai abincin nan a Yamai, takardun uwar ba su ba ta damar tafiya ta dawo ba, ta yi ta kuka a bakin tukunya. Kawu ya sauko da kayan aikinsa har kicin ɗin, ya ce zai zana ta a aika a sa a ɗakin amarya. Ta ce bari ta je ta yi wanka ta sa leshi. Ya ce 'yan kunne kawai ya yarda. Ta ja hannun riga za ta rufe tabon ƙunar mai da ke damtsenta, ya ce, "Bar shi a buɗe, da shi kika aurar da ita." Bai karɓi komai a hannunta ba. Tun daga nan ta ɗaura wa kanta tuwonsa.

To kun ji mutumin da ya ƙi zana mini uwata. Na roƙa da lalama, na roƙa da zolaya, na aika masa da kilishi da yaji daga Kano, ya cinye ya yi kunnen uwar shegu da ni. A farkon shekarar da Caina ta karɓi wasannin Olamfik na zo sari, na hau benen da shirin ko a yi ta ko a fasa.

Na ce, "Kawu, ka zana mai gida har da giɓinta. Ka zana masu dakon kwali. Yayarka da ta goya ka, ta wanke maka kashi, ita ce ba za ka zana ba? Me ta yi maka?"

Na zaci zai yi mini tsawa. Sai ya zauna, ya daɗe yana goge buroshi da tsumma, sannan ya ce, "Na zana ta."

Na ce, "Yana ina?"

"Ina Bratislava labarin rasuwarta ya same ni, an daɗe da yin sadakar arba'in. Na kulle kaina a ɗaki na zana ta daga ka. Na kai wa malamina ina jiran ya yaba. Ya daɗe yana kallo, ya ce, 'Kyakkyawa ce ƙwarai. Amma ba yayarka ba ce, kewarka ka zana. Duk wanda ya rasa 'yar'uwa zai ce tasa ce.' Na ji kamar in mare shi. Na koma ɗaki na duba, na ga gaskiya ya faɗa. Na rage mata hanci, na ƙara mata ido, na cire mata faɗa. Yaya kuwa mafaɗaciya ce, kar ki ji ana ce miki mai kunya. Na sa wuƙa na kankare. Tun daga ranar ba na zana mamaci, ba na zana daga ka, ba na zana daga hoton kati. Sai wanda ke zaune gabana yana numfashi. In na yi miki abin da kike so, ƙarya zan ba ki ki rataya, ki nuna wa 'ya'yanki, ta zama ita ce kakarsu har abada."

Na ce, "Ƙaryar ma ina so!"

Ya ce, "Ni ba na sayar da ita. Abin da zan iya, ki zauna in zana ki."

"Ni? Ina da madubi, Kawu."

"Kina da shi, ba kya kallo. Hoda kike kallo."

Na suri jakata na sauka ina huci. Baba Alhaji ne ya same ni a ofishin kago washegari ina ɗaure kwalaye. Ya ce ya ji abin da aka yi. Na ce, "Baba, kai da kake cewa haramun ne, ai sai ka goyi bayana in ƙi." Ya ce, "Ni ban ce hoto halal ne ba. Na dai ce ki je ki zauna da kawunki. Ba kya jin tarin da yake yi?"

Haka na fara zama a kujerar taga, kullum da safe kafin shaguna su buɗe. Dokokinsa sun fi na 'yan sanda. Ba hoda, ba jan baki, a cire tabarau. Ɗaurin ɗankwalina na zamani ya ce in kwance, in ja shi gaba ya rufe rabin goshi kamar na tsofaffi. Ya miƙo mini faranti da wake ya ce in riƙa tsincewa, wai fuskar mace ba ta zama daidai in hannunta ba ya aiki. Na ce ni da nake cika kwantena aka mayar mai tsintar wake. Ya ce in yi shiru.

Sannan ga tsokana. Yana zane yana neman faɗa. Ya ce kulolina ba sa riƙe zafi, amaren Kano suna tsine mini. Ya ce miyata salam take, matan Zariya sun fi mu hannu. Ya ce mijina haƙuri yake da ni. In na cika na batse, na ɗago na watsa masa harara, sai ya ce, "Yawwa! Tsaya haka!" hannunsa ya hau gudu a kan ƙyalle. Na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi. Sau ɗaya na harare shi, sai ya tsaya da buroshi a sama, ya fita baranda ya daɗe. Da ya dawo idonsa ja, ya ce warin fenti ne. Kuma ba ya bari wanda ake zanawa ya leƙa sai an gama. In na miƙe zan zagayo, ya tare ni da gwiwar hannu ya ce, "Tuwo ba a cinsa a tukunya yana kan wuta, koma ki zauna."

Ana haka gari ya fara canzawa. A Beijing za a yi wasannin, amma zafinsu har Xiaobei. Ko'ina tutoci da 'yan tsana, ana ta wanke tituna ana fentin gadoji, mu kuma 'yan sanda suna tare mu a bakin benaye suna neman fasfo. Ko burodi za ka saya sai da fasfo a aljihu. Masu neman ƙarin kwanakin biza suka daina samu, mutane suka yi ta haɗa kaya suna barin gari, gidajen abinci suka yi shiru. Kawu ya leƙa taga ya ce, "Baƙi za su yi, fuska suke wankewa. Mu suka ɗauka ƙarjewar hoto ce." Shi yana da takardar aiki ta kamfani, ba a taɓa shi ba. Ni na je neman ƙari aka ce mini meyo.

A zamanmu na ƙarshe na roƙe shi ya bar ni in gani ko da bai gama ba. Ya ce, "An gama, saura abu ɗaya da ban yanke shawara a kai ba. In kin dawo." Na ce in ban dawo ba fa? Ya ce, "Mai kuloli? Ko ta rami sai kin dawo." Ya raka ni har bakin titi, abin da bai taɓa yi ba, ya tsayar mini da tasi, ya ce in gaida yara.

Daga Kano nakan kira shi in tambayi hoto, ya kawar da zancen. Muna nan muna jimamin ƙwallon da aka ci Najeriya a wasan ƙarshe, shi yana ta murna a waya wai mutanensa sun ci zinare a tseren kwale-kwale. Na ce, "Kawu, su wa ye mutanenka?" Ya ce, "Duk wanda na ci cukunsa." Yana dariya tari ya sarƙe shi, ya ce zai kira ni. Sai da sanyi ya shigo na samu biza. Na taho da kilishinsa a jaka, na sauka aka tare ni da abin da aka tare ni da shi.

Bayan addu'ar uku mai gida ta aiko a gaya mana ba kora take ba, amma a san yadda za a yi da kaya. Aka yi shela kowa ya zo ya ɗauki nasa. Da hantsi suka taru, kowa yana juya hotuna yana neman fuskarsa. Kafin ka ce me, ɗakin ya cika da mutane ninki biyu, na tsaye da na jikin bango. Alhajin Maraɗi ya rungumi nasa da tsagarsa cif. Mai gida ta ga giɓinta ta rufe baki tana dariya tana share ido. Ɗaya bayan ɗaya suka sauka, ya rage daga ni sai Baba Alhaji a bakin ƙofa, ya ba ɗakin baya kamar kullum, sai kuma hoton taga.

Na yi bisimilla na juya shi.

Ni ce. Ni ce sak, da farantin wake a cinya, da layukan da ke goshina waɗanda nake ɓoyewa da hoda, da jijiyoyin hannuna, gira ɗaya a ɗage, baki a tsuke, ina hararar duk wanda ya tsaya gabana. Babu inda ya rage, babu inda ya ƙara. Na zauna a ƙasa. Na ce da ƙarfi, "Kawu, har ka tafi ba ka ji roƙona ba. Yanzu wa zan tambaya?" Na fashe da kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da na iso.

Kukan ne ya sa Baba Alhaji ya waiwayo zai ba ni haƙuri. Idonsa ya sauka a kan hoton, carbin ya tsaya a hannunsa. Ya miƙe a hankali, ya tako har gabansa, ya ɗan rusuna yadda ake yi wa na gaba.

Ya ce, "Yaya."

Na ce, "Baba, ni ce."

"Na sani ke ce. Ita ce kuma. Wallahi haka take kallonmu ni da shi in mun shigo mata ɗaki da ƙafa duk taɓo. Girar nan. Bakin nan. La'ilaha illallahu, ashe abin da ja'irin yake nema ke nan da yake ta tsokanarki." Ya matsa kusa, ya ƙanƙance ido. "Zo ki ga."

Na matso. A gefen bakin, dama da hagu, akwai 'yan layuka sirara waɗanda sai an kusanto ake gani. 'Yar baka ce. Ni kuwa ba ni da tsaga. Na kai ɗan yatsa na taɓa ƙarshen guda ɗaya, baƙi ya biyo hannuna. Ba fenti ba ne. Da gawayi ya ja su, sama-sama, yadda ko da gefen mayafi za a iya gogewa.

Baba Alhaji ya girgiza kai, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Bai karya dokarsa ba, bai kuma hana ki ba. In kin goge, ke ce. In kin bari, ita ce. Har ya mutu sai da ya bar wa mutum aiki." Ya juya zai fita, ya kai bakin ƙofa ya tsaya. "Ni dai har yanzu ban ce halal ne ba. Amma kar ki ba 'yan kago. Ki riƙe a hannunki, kar kwali ya goge wurin."

A hannu na riƙo shi har Kano. Ranar da na buɗe, babbar 'yata ta daɗe tana kallo, ta ce, "Umma, yaushe aka yi miki tsaga?" Na ce, "Durƙusa ki gaida kakarki."

Yana ɗakina yanzu, inda hannun yara ba ya kaiwa. In lokacin salla ya yi nakan juya shi ga bango, in na idar in juyo shi in ce sannu da haƙuri. Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba, ya sanyaya makwancinsa a ƙasar da ba tasa ba. Allah ya haɗa shi da yayarsa, ta zauna a gabansa, ya kalle ta ido da ido har ya ƙoshi.